Kyanwata matsoraciya ce, ga rashin lafiya: yaya zan kai ta asibiti?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ina da kyanwa mai kimanin shekara tara, wadda na tsinta tana da 'yan watanni, kuma tun daga lokacin ba ta taɓa sakin jiki da kowa ba sai ni kaɗai. Da zarar ta ji muryar baƙo sai ta shige ƙarƙashin gado, wani lokaci ta wuni a can. A 'yan makonnin nan na lura ta rame, tana shan ruwa fiye da yadda ta saba, gashinta kuma ya daina sheƙi. Na san ya kamata likita ya gan ta, amma abin da ya faru a zuwanmu na ƙarshe ya sa gabana yana faɗuwa. Sai da muka yi ta zagaye ɗaki da ita kafin mu kama ta, ta yaƙushe ni a hannu, ta yi fitsari a cikin akwatin da muka saka ta, a asibitin kuma wani ma'aikaci ya damƙe ta a ƙeya har aka gama yi mata allura. Da muka dawo ta ƙi cin abinci har kwana biyu, kuma ta daɗe tana guduna. Shin akwai maganin da zan saya in ba ta a gida, ko kuwa in ƙyale ta in ga ko za ta warware da kanta? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki ƙyale ta, kuma kada ki saya mata magani da ka. Rama tare da yawan shan ruwa a kyanwa mai waɗannan shekaru sukan nuna ɗaya daga cikin cututtuka uku: ciwon ƙoda, ciwon suga, ko yawan aikin ƙululun maƙogwaro da ake kira tayirod. Babu mai iya bambance su da ido sai an gwada jini da fitsari, kuma dukansu kyanwa takan yi shekaru tana rayuwa da su cikin sauƙi idan an gano su da wuri. Zuwa asibiti ya zama dole cikin 'yan kwanakin nan. Abin da ya rage shi ne yadda za a je ba tare da an maimaita wahalar baya ba, kuma hakan mai yiwuwa ne.

Ki cire wa ranki cewa ke ce kika mayar da ita haka. Kyanwa tana koyon yarda da mutane ne a wani ɗan taƙaitaccen lokaci, daga mako 2 zuwa mako 7 da haihuwa, kuma wadda hannun mutum bai taɓa ba a wannan tsakanin takan girma tana ɗari-ɗari ko da daga baya ta sami mai ƙaunarta. Ke kin same ta ne bayan lokacin ya wuce. Ban da haka, ko da yake kyanwa mafarauciya ce, ita ma ƙaramar dabba ce da manya ke farauta, don haka halittarta ce ta ɓoye rauninta. Shi ya sa ramar da kika gani ta dame ni, domin kafin ciwon kyanwa ya fito fili har mai ita ta lura, yawanci ya jima yana cin ta.

Tsoron nata kuma yana ɓata aikin likita kansa. Kyanwar da ta firgita sugan jininta yakan hau cikin 'yan mintoci har a zaci ciwon suga ne alhali ba shi ba ne, jininta ya hau, zuciyarta ta riƙa bugawa da sauri, zafin jikinta ya ƙaru, cikinta kuma ya ƙage ta yadda likita ba zai iya lalubar girman ƙodarta da hannu ba. Idan aka ga suga ya hau a irin wannan hali, akwai gwajin jini da ake kira furuktosamin, wanda ke nuna yadda sugan ya kasance a mako ɗaya zuwa biyu da suka gabata, kuma firgitar sa'a guda ba ta canja shi. Kwantar wa kyanwa hankali kafin a duba ta wani ɓangare ne na binciken, bai kamata kowa ya ɗauke shi shagwaɓa ba.

Matakin farko shi ne ki buga wa asibitin waya, ki faɗa musu duk abin da kika faɗa mini, ki roƙi a ba ki lokacin da babu cunkoso, wato galibi farkon buɗewa da safe. Sannan ki tambayi likita game da maganin rage tsoro da ake ba kyanwa a gida kafin a fita. Wanda aka fi amfani da shi shi ne gabapentin, kuma wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2017 ya nuna kyanwoyin da aka ba shi minti 90 kafin tafiya sun fi natsuwa a hanya da kuma a hannun likita. Akwai ɗan'uwansa pregabalin na ruwa, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2023 musamman domin wannan aiki. Likita ne kaɗai zai yanke yawan da za a ba ta, kuma a game da kyanwarki wannan ba ƙaramar magana ba ce, saboda ƙoda ce ke fitar da waɗannan magunguna daga jiki, wadda ake zargin tana da ciwon ƙoda kuwa rage mata ake yi. Za ki ga tana layi kaɗan tana jin barci, don haka ki hana ta hawa wuri mai tsawo har maganin ya sake ta, abin da yakan faru a cikin wunin.

Kamun da kuka yi mata a baya shi ne ya fi komai ɓarna, domin kyanwar da aka kora har ta gaji ta riga ta ƙure a tsoro tun kafin a bar gida. A daren da za a wayi gari a tafi, ki kai ta ƙaramin ɗaki wanda babu gado ko kabad ɗin da za ta shige ƙarƙashinsa, ki ajiye mata ruwa da tiren yashin da take bahaya, da kuma akwatin ɗaukarta a buɗe, da tsohuwar rigarki ko bargon da ta saba kwanciya a kai shimfiɗe a ciki. Akwatin da ya fi dacewa shi ne na roba mai ƙarfi wanda ake iya cire samansa gaba ɗaya. Da safe ki rage mata abinci, sai dai ɗan abin da za ki haɗa maganin da shi, domin ciki a cike yana jawo amai a mota. Idan lokaci ya yi kuma ba ta shiga da kanta ba, ki lulluɓe ta da tawul mai kauri har kanta, ki ɗauke ta a dunƙule ki sa ta a ƙasan akwatin, sannan ki mayar da saman ki kulle. In akwatin mai ƙofar gaba ne kawai, ki jingina shi ƙofar tana kallon sama, ki zura ta ta baya, ƙafafun baya su fara shiga. Kyanwar da aka tura da kai cikin rami mai duhu dole ta turje.

Akwai wani feshi mai suna Feliway, wanda aka kwaikwayi ƙamshin da kyanwa ke bari idan ta goga kumatunta a jikin abu. Wasu kyanwoyin yana taimaka musu, wasu kuma ba a ganin wani bambanci, don haka kada ki dogara da shi shi kaɗai. In za ki yi amfani da shi, ki fesa a tawul ko a cikin akwatin minti 15 kafin a sa ta, domin warin sinadarin da aka narka shi a ciki ya fita. Ki rufe akwatin da mayafi mara nauyi, ki tallafe shi da hannu biyu daga ƙasa maimakon ki riƙe mariƙinsa yana lilo, a mota kuma ki ajiye shi a ƙasa bayan kujerar gaba. Kada ki buɗe shi a hanya komai kukanta. A asibiti kada ki dire shi a ƙasa inda kare zai zo ya shinshina. Ki ɗora shi a kan kujera ko a cinyarki, ko ki jira a waje a inuwa har a kira ki.

Game da riƙon ƙeya da aka yi mata, ra'ayina a fili yake: kuskure ne, kuma kina da damar ki ce ba ki yarda a sake ba. Mutane sukan ce ai haka uwa take ɗaukar 'ya'yanta, amma uwa tana yin haka ne lokacin da suke jarirai marasa nauyi. Babbar kyanwa ba ta san wannan riƙo ba sai a wurin faɗa, ko barbara, ko a bakin abin da zai cinye ta. Shirun da take yi idan an damƙe ta sandarewa ce ta tsoro, kuma abin da take koya shi ne ta fara cizo da wuri a zuwa na gaba. Ƙungiyar likitocin kyanwa ta Amurka da takwararta ta ƙasa da ƙasa sun yi hani da wannan riƙo a ƙa'idojin da suka fitar tare a 2022. Yadda ya kamata a yi shi ne a cire saman akwatin a bar ta zaune a ƙasansa, a yafa mata tawul ta cusa kanta a ciki, likita ya riƙa zura hannu ta ƙarƙashin tawul ɗin yana duba ta gaɓa-gaɓa, a fara da awon hawan jini tun tana natse, a bar abin da ya fi zafi zuwa ƙarshe. Idan duk da haka kunnuwanta sun kwanta, idanunta sun yi baƙi wuluk, tana huci tana gurnani, to a tsaya. Allurar sa barci mai sauƙi a wannan gaɓa rahama ce, kuma ta fi mutum uku su danne ta, domin a cikin 'yan mintoci za a ɗebi jini da fitsari, a duba baki da haƙora, a gama komai a zuwa ɗaya.

Ki taimaki likita da abin da ke kaɗai za ki iya gani. Ki ɗauki bidiyonta da waya tana tafiya, tana ci, tana shan ruwa. Ki auna ruwan da kike zuba mata da wanda ya rage bayan awa 24. Kyanwa mai nauyin kilo 4 bukatarta ba ta cika wuce mililita 200 a rana ba, har da ruwan da ke cikin abincinta. Ki ƙirga numfashinta tana barci, wanda bai kamata ya haura 30 a minti ɗaya ba.

Kwana biyun da ta yi ba ta ci ba ya fi haɗari fiye da yadda kike zato. Kyanwar da ta daina ci na 'yan kwanaki, musamman mai ƙiba, kitse yakan taru a hantarta har hantar ta gaza, kuma wannan ciwo yana kisa. Idan kun dawo ki kai ta ɗaki mai shiru, ki buɗe akwatin ki bar ta ta fito da kanta, ki ɗan ɗumama abincin da ta fi so domin ƙamshinsa ya tashi. In ta cika awa 24 ba ta taɓa komai ba, ki sanar da likita.

Maganin gida da kika ambata kuwa, ki yi nesa da shi. Ƙwayar farasitamol ɗaya tana iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar ta mutum. Yana lalata jajayen ƙwayoyin jini, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Haka ibufurofen, haka kuma maganin ƙuma da kaska na kare mai ɗauke da sinadarin fametirin, wanda ke sa kyanwa makyarkyata da farfaɗiya.

Bayan wannan zuwan ya wuce, kada ki mayar da akwatin inda ba ta ganinsa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ki bar ƙasansa a inda take son kwanciya, ki riƙa jefa mata ɗan abin marmari a ciki, sai ta saba ki mayar da saman ba ƙofa, daga baya ƙofar, daga baya ki rufe na ɗan lokaci ki buɗe. Abin yakan ɗauki makonni, a wurin irin taki ma watanni, amma idan aka tabbatar da ɗaya daga cikin cututtukan nan za ta riƙa komawa awo lokaci-lokaci har ƙarshen rayuwarta, kuma wannan sabo shi zai sa hakan ya yiwu.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Muzuruna ya tsani a taɓa shi, kuma tun da muka sauya gida ya ƙara zama a ɓoye. Tun jiya yake ta kai da komo a kan yashi, ya tsuguna ya yi ta nishi, sai ɗigo kaɗan mai jini ya fito, yana kuma yawan lasar gabansa. Ko in fara saba masa da akwati tukuna kafin in kai shi? Daga wani mai karatu.

AMSA: A'a, Malam, wannan ba ya jira, kuma duk wanda ya ga irin haka ya tafi asibiti a sa'ar da ya gani, ko da tsakar dare ne. Bututun fitsarin muzuru siriri ne ƙwarai, kuma ɗan tsakuwa ko majina da kumburi suna iya toshe shi gaba ɗaya. Idan ya toshe, mafitsara ta cika ta yi tauri, guba ta taru a jini, sinadarin fotashiyam ya hau har ya tsayar da zuciya, kuma duk wannan yana iya faruwa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Mutane da yawa sukan zaci kashi ne ya ƙi fita, su tsaya jira. Ka rufe shi a ƙaramin ɗaki, ka yafa masa bargo mai kauri, ka ɗauke shi a ciki ka sa a akwati ka tafi. Kada ka matsa cikinsa don ka gwada. Tsoron da zai sha a yau ana iya gyara shi daga baya. Irin wannan gaggawa ta shafi kyanwar da ke haki da baki a buɗe, da wadda ƙafafunta na baya suka mutu farat ɗaya, da wadda ta ci guba.

Sauya gidan da ka ambata yana da alaƙa da ciwon. A yawancin kyanwoyin da ba su tsufa ba, kumburin mafitsara ba ƙwayar cuta ce ke kawo shi ba, kuma an daɗe da lura yana tashi ne bayan wani abu ya tayar musu da hankali, kamar ƙaura, ko sabuwar dabba, ko hayaniyar gini. Don haka bayan an sallame shi, rabin maganin yana gida. Ka ba shi abinci mai ruwa-ruwa, ka ajiye kwanukan ruwa a wurare daban-daban nesa da yashi, ka tanadi tiren yashi daidai da yawan kyanwoyin gidan ka ƙara ɗaya, ka sama masa maɓoya da wuri mai tudu da zai hau ya hangi ɗaki. Idan ya ɓuya kada a jawo shi. Ka zauna nesa kaɗan, ka kalle shi ka lumshe ido a hankali sannan ka kau da kai; wani bincike na jami'o'in Sasseks da Fotsmot a Ingila a 2020 ya nuna kyanwa ta fi kusantar mutumin da ya yi mata haka.

TAMBAYA: Likita, mahaifiyata tana da tsohuwar kyanwa da aka rubuta wa ƙwaya ta mako biyu, ni ne kuma mai ba ta. Yanzu da ta hango ni sai ta gudu, jiya ma ta cije ni a yatsa. Yaya zan yi? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ƙanena, ka fara da yatsarka. Haƙorin kyanwa siriri ne, yana cusa ƙwayoyin cuta can ciki sannan bakin raunin ya rufe, shi ya sa cizonta a hannu ke saurin ruruwa. Ka wanke da sabulu da ruwa mai gudu sosai, ka je asibiti a duba, ka kuma faɗa musu ko an yi wa kyanwar rigakafin ciwon haukan kare.

Game da ƙwayar, ka koma wurin likitanta ka faɗa masa gaskiya cewa ba ta shiga, domin sau da yawa akwai wata hanya. Wasu magungunan suna da na ruwa, wasu ana shafa su a cikin kunne, akwai kuma allurar kashe ƙwayoyin cuta da ke aiki har kwana 14, wadda ta dace da wasu cututtukan ban da wasu. Ka tambaye shi ko ana iya daka ƙwayar, don ba kowace ake dakawa ba. In ana iya ɓoye ta a abinci, ka yi 'yan ƙananan loma uku na abin da take so, ka ba ta ta farko babu komai, ta biyu da ƙwayar, ta uku kuma ka miƙa da sauri don ta haɗiye ta biyun. Kada ka zuba magani mai ɗaci a babban abincinta, domin tana iya ƙaurace wa abincin gaba ɗaya.

In dole sai da hannu, ka durƙusa a ƙasa, ka naɗe ta a tawul kanta kaɗai a waje, ka sa ta tsakanin gwiwoyinka tana ba ka baya. Ka ɗora hannu ɗaya a saman kanta, babban yatsa da manuni a kan ƙasusuwan kumatu, ka ɗaga hancinta sama a hankali. Za ka ga haɓarta ta saki da kanta. Da yatsan ɗaya hannun ka danna ƙananan haƙoran gaba na ƙasa, ka saka ƙwayar can bayan harshe, ka rufe bakin ka sauke kan. Idan ta lashi hancinta, yawanci ta haɗiye. Ka bi da ɗan ruwa ta sirinji mara allura ta gefen baki, ko ɗan abinci, domin busasshiyar ƙwaya takan maƙale a maƙoshi, kuma wasu kamar doksisaikilin suna ƙona shi har ya tsuke. Duk aikin bai kamata ya wuce minti ɗaya ba. In ya ƙi sau biyu, ka sake ta ka dawo bayan ta huce. Kada ka kama ta tana cin abinci, ko tana kan yashi, ko a makwancinta, domin kada ta ji tsoron waɗannan wurare. Ka kuma riƙa zuwa wurinta a wasu lokutan da abin marmari kawai ba tare da ƙwaya ba, kuma in zai yiwu ka karɓi aikin zuba mata abinci daga hannun Mama har kwanakin maganin su ƙare.